Muryar Gwaggo da Igiyar Daura

Tun da na dawo daga Damagaram, duk wanda muka haɗu da shi a masallacin unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ko a wurin aiki sai ya ce in ba shi labari. Na yi ta bayarwa guntu-guntu, har labarin ya fara dawo mini da ƙarin da ban san da shi ba. Wani ya ce ya ji motarmu ta mutu a kan iyaka. Wani ya ce an tsare mu kwana biyu. Babu ɗaya da ya faru. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya kasance.

Ranar Asabar ta biyu bayan ƙaramar Salla, da ƙarfe shida da kwata na safe, muka tashi daga ƙofar gidan Gwaggo Hajara a Tarauni. Mu uku ne a wurin: ni, da Sani ɗanta, wanda shi ne mai motar kuma direba, da ita Gwaggon, wadda ta sa aka fito da ita zaure a kan kujera duk da likita ya ce ta rage motsi. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Sani kuwa taubashina ne, tun muna yara kowannenmu yake iƙirarin shi ne ubangidan ɗaya, kuma har yau ba a raba gardamar ba.

Dalilin tafiyar shi ne Baffa Mamman, wan Gwaggo da mahaifina, wanda fatauci ya kai Damagaram tun yana saurayi ya zauna can. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu bai iso ba sai bayan addu'ar bakwai. Gwaggo ta tare shi a tsakar gida, gaban mutane, ta ce ita ba ta da wa. Ya juya a ranar. Sama da shekara ashirin ke nan. 'Yan uwa sun yi ta kai kawo, ya ce shi ba ya riƙe da kowa, amma maganar da baki ya faɗa bakin ne zai janye ta, ba ɗan aike ba. A tsakanin nan kunnensa ya yi nauyi. Ba ya jin magana ta waya ko kaɗan, kuma likita ya hana a sa masa komai cikin kunne. Ita kuma Gwaggo ciwon zuciya ya zaunar da ita, ba ta iya doguwar hanya.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, shekarata goma sha tara ina fassara labarai ina karantawa. Saboda haka ni ta kira. Ranar Alhamis na kashe fanka, na rataya bargo a taga, na ɗauki muryarta a wayata. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Ta kafa sharaɗi ɗaya: ban da ni da na ɗauka, ba wanda zai ji sai Baffa. Ko Sani.

Na yi tunanin inda mai nauyin kunne zai ji magana da ƙarfi ba tare da duk gida sun ji ba, na ga babu kamar cikin mota a rufe. Motar Sani tsohuwa ce, amma lasifikanta huɗu ne kuma suna da kauri. Rediyonta ba ya haɗuwa da waya ta iska. Akwai dai wani ƙaramin rami a gabansa inda ake soka igiyar sauti. Wayata kuma irin ta yanzu ce, ramin caji kawai gare ta, sai an sa mata adafta, wato ɗan guntun mahaɗi, sannan igiyar ta shiga. Ina da igiya mai kyau da adafta mai kyau. Ranar Juma'a na gwada su a motar ni kaɗai, muryar Gwaggo ta fito kamar tana zaune a kujerar baya. Na sa su a 'yar jaka na ba Sani ya ajiye a ɗaki, domin za a kai motar wanki.

Da safen nan, kafin in shiga mota, na ce masa, “Ka ɗauko wayar?”

Ya daki aljihun gaban rigarsa. “Tana nan, ranka ya daɗe. Sai ka tambaye ni ko na ɗauko ƙafata.”

Gwaggo ta yi mana addu'a. Ta kama hannuna ta ce, “Ka tabbata ya ji. Ko bai amsa ba, ya ji.” Na ce in Allah ya yarda.

Hanyar Kazaure lafiya lau. Mun karya da ƙosai da kunu a bakin titi, Sani yana ta yi mini lissafin yadda 'yan rediyo ba su iya komai ba sai magana. Sai da muka kusa Daura na ce ya ba ni wayar in sake gwadawa. Ya zaro wayarsa ya miƙo mini.

“Ba wannan ba. Wayar da na ba ka jiya.”

Ya dube ni, ya dubi titi. “Wace waya ka ba ni jiya?”

“Ta cikin jaka.”

“Ai igiya ce wannan. Ka ce waya.”

“Ita ma waya ce.”

“To ni wayar da ake kira da ita na sani. Shekara goma sha tara kana gyara wa mutane Hausa a rediyo, ka kasa bambanta abu biyu?”

Gaskiyarsa ce. A Kano kalma ɗaya muke kiran abin da ake magana da shi da kuma zaren da ake jona shi, kuma ni da nake hana masu koyon aiki barin kalma mai fuska biyu a cikin labari, ni na bar ta. Daga nan zuwa ƙarshen wannan rubutu, igiya zan riƙa cewa.

A Daura muka tsaya gun wani mai tebur kusa da tasha, dattijo mai fara'a, kayansa a rataye kamar yadda ake rataye tasbaha. Igiya ba ta yi wuya ba, ya ba mu wata ja mai kaurin wuya, ya ce ita ce mai ƙarko. Adafta ce ta ba mu aiki. Ta farko da na soka, wayar ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Dattijon ya karɓa, ya leƙa ramin cajin, ya ɗauko tsinken sakace ya shiga tono a hankali. Abin da ya fito na audugar aljihu ya ba ni kunya. Duk da haka adaftar ba ta yi ba. Ta biyu, wayar ta rubuto cewa ba ta san wannan na'ura ba. Ya ce, “Wayarka mai zaɓe ce, Alhaji. Akwai adafta fanko, akwai mai ɗan inji a ciki. Irin taka sai mai inji.” Ya buɗe wata leda a ƙasan tebur ya ciro ta uku. Wayar ta karɓa.

Saura gwaji a mota. Saƙon Gwaggo ba zai yiwu ba, ga Sani a zaune. Na ce bari in sa wani rahoto da na karanta, yana cikin wayar.

“Allah ya kiyaye,” in ji Sani. “A gida muryarka, a shago muryarka, a hanya ma? Sa mana waƙa.”

Na sa wata waƙar biki. Kalangu ya tashi, ganga ta tashi, har ƙofar mota tana rawa. Amma mawaƙin can nesa nake jin sa, kamar yana cikin rijiya. Na faɗa. Sani ya ce igiyar tasha ce, me nake so ta yi, kuma rana tana yi. Akwai wani siririn kuka da yake tashi duk lokacin da ya taka mai, na gane na caja ne, na zare ta, kukan ya ɗauke. Na ji daɗin gano wannan, sai na bar maganar mawaƙin. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko.

A Kwangwalam, bakin iyaka, mun ɗauki kusan awa biyu, yawanci wajen takardar shigar da mota. Ba wanda ya matsa mana. A ɗaya gefen wani jami'i ya miƙo hannu ya ce, “Permi da kartigiris.” Sani ya juyo gare ni ya ce a hankali, “Me na yi?” Jami'in ya yi dariya ya ce lasin tuƙi da takardar mota yake nufi. Da ya ga an rubuta Kano sai ya tambaye mu ko har yanzu ana cunkoso a Kantin Kwari, ya ce a can ya yi wa matarsa lefe. Abin da na fara lura da shi ke nan a ƙasar: Hausa ɗaya muke yi, amma duk abin da Bature ya kawo, sunansa daban. Mu Ingilishi muka ara, su Faransanci. Fetur isansi ne, kwastan duwan ne. Wayar hannu kuwa salula suke cewa. Da na ji haka na dubi Sani, ya ce in na sake tayar da maganar zai sauke ni a Matamaye.

Daga nan hanya shiru, motoci kaɗan, amalanken shanu da yawa. A Matamaye muka yi azahar muka ci gasasshen naman rago da dogon burodinsu mai ɓawo, wanda Sani ya ce an yi shi ne don a gwada haƙoran baƙi. Ya ci biyu.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Gidan Baffa yana Birni, tsohuwar unguwa, lungu ƙanana tsakanin manyan duwatsu, har sai da muka bar motar a wani fili gaban masallaci muka ƙarasa da ƙafa. Zainabu, babbar 'yarsa, ita ta tarbe mu. Malamar makaranta ce, ita take kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Ta ce mana in za mu yi masa magana mu matso kunnen hagu, kada mu yi ihu, mu kaurara murya mu ja ta a hankali.

Baffa ya tsufa fiye da yadda na zata, amma zamansa a miƙe. Gaisuwarsu doguwa ce, ta fi tamu. A Kano mukan haɗa gida da aiki da iyali a numfashi ɗaya mu wuce. Can kowanne sai an tambaye shi shi kaɗai, an jira amsa. Baffa ya tambayi kowa a dangi da sunansa, har waɗanda suka rasu bai ji ba. Bai tambayi Gwaggo ba. Sani ya durƙusa ya ce, “Kawu, Inna tana gaishe ka.” Baffa ya ce, “Kun sha hanya.”

An sauke mu a ɗakin baƙi na maƙwabci, mai tabarma biyu da randa. Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa, sannan shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, zagaye uku. Sani ya shanye na farko ya miƙe, mai gidan ya ce masa ba a tashi a kan na ɗaya, ya koma ya zauna. Na lura kuma ba sa wasa da ruwa. Buta ɗaya aka ba mu mu biyu, kuma ta isa, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba.

Washegari Lahadi, bayan karin kumallo, na matsa kunnen Baffa na gaya masa abin da ya kawo mu. Na ce Gwaggo ce da bakinta, ba aike ba. Ya kalli tabarma. Sannan ya ce a miƙo masa sandarsa.

Muka taka har filin. Na zaunar da shi a kujerar gaba, na ɗaga gilasai, na jona igiya, na ƙure ƙarar rediyo. Na danna, na ga lambobin daƙiƙa sun fara tafiya, na yi maza na rufe ƙofa. Na ja Sani muka koma can gindin wata bishiya inda ko gunji ba za mu ji ba. Na duba agogo. Da minti biyar ta cika na dawo na buɗe.

Baffa yana zaune yadda na bar shi, hannu biyu a kan sanda. Ya fito da kansa, bai yarda na taimaka masa ba. Ya ce, “Na gode. Allah ya ba ku ladan tafiya.” Ya nufi gida.

Sani ya ce, “Shi ke nan?”

Na ce, “Ta ce ko bai amsa ba.”

Muka zauna a gindin bishiyar. Sani, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, “Me zan ce mata?” Muka yanke shawarar mu kama hanya da sassafe.

Wajen ƙarfe goma sha biyu Zainabu ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure, fuskarta ba daɗi.

“Yaya, me kuka sa wa Baba a mota?”

“Saƙon Gwaggo.”

“Ya ce ba komai a ciki. Ya ce ya zauna yana jira, sai wani huci kamar iska. Ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Farko ya ce ko kunnen ne ya ƙarasa mutuwa. Da na yi masa magana ya ji ni, sai ya ce to Hajara shiru ta aiko masa da shi, ya gane.”

Na tafi motar da sauri, na hana Sani biyo ni. Na rufe ƙofa na danna saƙon. Lambobi suna tafiya, lasifika suna huci, babu murya. Na zare igiya na kara wayar a kunnena, ga Gwaggo tana magana sarai. Na mayar, shiru. Na sa waƙar jiya, kalangu ya tashi. Na juya igiyar, na sauya kai da kai, na zare adafta na mayar, na kashe wayar na kunna. Duk ɗaya. A raina na ɗora wa adaftar laifi, domin ita ta ba mu wahala a Daura.

Zainabu ta ce akwai wani Malam Isuhu a bakin kasuwa, mai gyaran rediyo, shi yake gyara na Baffa. Ta ce mu yi sauri, domin da rana ta take kowa rufewa yake ya tafi hutu sai la'asar, ba kamar Kano ba inda mai shago yake cin abinci da hannu ɗaya yana ciniki da ɗaya.

Mun same shi yana shirin rufewa. Mutum ne siriri mai furfura, tabarau ɗaure da zare. Na yi masa bayani a gajarce, na ce ina neman adafta mai kyau. Ya biyo mu motar, ya zauna a kujerar direba.

“Da me kuka gwada a hanya?”

“Da waƙa,” in ji Sani.

“Me kuka zo ku ji?”

Na ce, “Magana.”

“To ku gwada da magana mana.”

Na sa rahoton da Sani ya hana ni sawa a Daura. Huci kawai. Sani ya ce wannan ne karo na farko da ya ji ni a rediyo ya ji daɗi. Malam Isuhu bai yi dariya ba. Ya sa waƙar, ya saurara da ido rufe, ya ce, “Makaɗa sun zo, mawaƙi bai zo ba.” Bai taɓa adaftar ba. Ya sunkuya ya dubi inda igiyar ta shiga rediyon, wanda shi yake kira post, ya sa farce a tsakani.

“Dubi nan, Malam. Fil ɗinka bai shiga ba.”

Na duba. Ramin rediyon a ɗan lotse yake, cikin wani zagayen roba. Igiyar Daura kuma wuyanta mai kauri ne, sai ya tokare a bakin zagayen. Ƙarfen ya shiga, amma da saura kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Ya zaro shi ya nuna mini baƙaƙen zobba biyu da suka raba ƙarfen gida uku. Ya ce gida ɗaya na lasifikan hagu ne, ɗaya na dama, na ukun kuma shi ne wanda duka biyun suke komawa ta kansa. In bai kai ƙarshe ba, na ukun ba ya taɓa komai, sai rediyon ya riƙa ɗebe dama daga hagu. Abin da ya bambanta tsakaninsu, kamar kayan kiɗa da aka rarraba gefe da gefe, shi yake fitowa. Abin da yake iri ɗaya a duka biyun sai ya cinye kansa. Muryar mutum ɗaya da aka ɗauka a waya iri ɗaya ce a hagu da dama.

Na san wannan. An koya mana shi a shekarata ta farko a ɗakin watsa shirye-shirye, har da sunansa na Turanci. Na ji alamarsa da kunnena a Daura na wuce.

Malam Isuhu ya ciro reza daga aljihu, ya shiga fere robar wuyan igiyar kamar mai fere fensir, yana juyawa a hankali. Ya hure, ya soka. Muka ji ɗan ƙas. Muryata ta cika motar tana bayani a kan farashin taki, har wani mai wucewa ya waiwayo.

“Kashe, kashe,” in ji Sani. “Mun yarda.”

Malam Isuhu ya ce kada mu sa caja yayin da ake saurare, kuma mu rage ƙarar wayar kaɗan mu ƙara ta rediyon, don kada muryar ta fashe, tsoho ba ya jin fasasshiyar murya. Ya ƙara kaurin sauti, ya daidaita shi zuwa lasifikan gaba. Da na sa hannu a aljihu ya tambayi ko na wane ne saƙon. Na ce na Malam Mamman na Birni ne, daga ƙanwarsa. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce shekara da shekaru yana gyara masa rediyo, kullum tashar Kano yake cewa a kamo masa, ko da ba ya jin abin da ake faɗa. Ya ƙi karɓar komai. Ya ce mu gaishe shi.

Abin da ya rage shi ne a shawo kan Baffa ya sake fitowa, kuma wannan ya fi gyaran igiya wuya. Bayan la'asar na shiga ɗakinsa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na durƙusa wajen kunnen hagu, na yi amfani da muryar da nake karanta labaran rasuwa da ita, domin ita ce mafi kauri da nake da ita.

“Baffa, laifina ne. Maganar tana ciki. Ni na kasa fito da ita.”

Bai juyo ba.

“Ta yi magana minti huɗu. Ina wurin.”

Ya juyo. “Kai ba aikin rediyo kake yi ba?”

“Shi nake yi.”

“Kuma suna biyan ka?”

“Suna biya, Baffa.”

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “In na je na sake zama ban ji komai ba, kada wanda ya ƙara zuwar mini da maganar nan har in mutu.” Na ce na yarda. Ban san da izinin wa na yarda ba, amma babu wata hanya.

Muka sake takawa filin. Wannan karon na zauna a kujerar direba, na danna igiyar da yatsa har na tabbatar ta kai, na riƙe ta. Na danna saƙon. Aka ji numfashin Gwaggo, sannan ta ce, “Yaya.”

Hannun Baffa ya motsa a kan sanda. Na buɗe ƙofa na fita.

Daga gindin bishiya muna hango shi ta gilashi. Bai motsa ba har lokacin ya cika. Da na matso, ya ɗaga yatsa ɗaya ya juya shi, alamar a sake. Na sake masa na fita. Sau uku. A na ukun na ga ya cire hula ya ɗora a gwiwa, na juya baya, na sa Sani ma ya juya.

Da ya fito, na ce ko zai ba da amsa in ɗauka a wayar in kai mata. Ya ce shi ba ya magana da ƙarfe. Ya gyara hularsa, ya dubi Sani.

“Kai, ɗan Hajara. Ƙarfe nawa za ku tashi gobe?”

“Bayan asuba, Kawu.”

“Motar nan taka tana kai mutum uku?”

“Tana kai biyar, Kawu. In an sauke wannan ma ta fi gudu.” Ya nuna ni da baki.

Baffa bai ji ba, sai da Zainabu, wadda ta fito tarbarsa, ta maimaita masa a kunne. Ya ce a bar ni, na yi ƙoƙari daidai hankalina.

Zainabu ta so ta hana, ta ce hanya da nisa, ga magungunansa. Ya ce ta zuba su a leda. Ta haɗa masa kaya kala uku, ta ɗauko katinsa na ɗan ƙasa, ta sa mana kilishi da cuku a kai wa Gwaggo. Ta rubuta mini lokutan maganin a takarda da irin agogonsu, mai ƙarfe goma sha huɗu da ƙarfe ashirin, sai da na zauna na mayar da su namu.

A hanyar dawowa ba mu kunna rediyo ba. Baffa yana gaba, yana kiran sunan kowane gari kafin mu kai shi, yana faɗin abin da ake sayarwa a kasuwarsa a zamanin da yake fatauci. A Daura na sa Sani ya tsaya, na je na gaya wa dattijon mai tebur abin da ya faru, ba don ƙorafi ba, don ya riƙa duba wuyan igiya in mai tsohuwar mota ya zo. Ya saurara da kyau, ya ɗauko ɗaya daga cikin jajayen ya jujjuya ta, ya ce shi da yake yabon kaurin. Ya leƙa mota ya gaida Baffa.

Ina godiya ga Allah, sannan ga mutanen nan: dattijon Daura, da jami'in da ya yi mana fassara, da maƙwabcin da ya ba mu ɗaki, da Zainabu wadda da ba ta kira ni zaure ba da mun dawo da labarin da ba shi ne ba, da Malam Isuhu. Har da Sani, wanda ya yi tuƙin kwana biyu bai ce ya gaji ba, ko da yake ya faɗi duk wani abu da ba wannan ba.

Mun iso Tarauni ranar Litinin da ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma. Baffa ya shiga ɗakin Gwaggo shi kaɗai, muka zauna a zaure. Ya kwana goma sha ɗaya a gidan kafin Sani ya mayar da shi.